Fenti ba ya ɗaukar nauyin jirgi

Yau an kawo mana ƙaramin jirgi, Cessna 172, wani bawan Allah zai saya, ya ce mu duba masa. Fenti sai ƙyalli. Shi ya fara sa ni zargi, domin ƙasan fiffiken hagu kawai aka sabunta.

Na buɗe murfin leƙe, na zura tocila da ɗan madubi. Subhanallah. An yi faci da ribit, wato ƙusoshin haɗa fallen alminiyom, irin na masu haɗa taga, layin a karkace, wasu a bakin falle sosai. Ƙa'ida ita ce tsakanin tsakiyar ribit da baki a bar aƙalla ninki 2 na kaurin ribit ɗin, in ba haka ba fallen ya yage daga nan. A bayan wasu ribit ɗin ga baƙin zane kamar hayaƙi, alamar sun saki suna goga alminiyom ɗin. Na ƙwanƙwasa da kwabo, ƙarar ta mutu: fila, wato kwaɓin cike lotsawa, aka shafe, aikin masu gyaran jikin mota sak. Da mota ce sai ka gangara gefen titi. A sama ina gefen yake?

Bangon da ke bayan inji ma ya yamutse, kenan an taɓa dira da ƙarfi a kan tayar gaba. Littafin tarihin jirgin kuwa shiru, ko layi ɗaya babu a kan wannan gyara, kuma wannan ya fi facin ɓata mini rai.

Mai saye ya ce, "Injiniya, ko a rage kuɗi kawai?" Na ce, "Alhaji, sai an cire fallen nan mun ga ƙashin fiffiken tukuna." Gobe za mu cire ribit ɗin.