Kwana uku a dajin Korup

Na shiga dajin Korup da ke kudu maso yammacin Kamaru da idon wanda ya saba da Yankari, inda giwaye da gwanki ke fitowa fili, kuma wannan ne kuskurena na farko. Kafin rikicin da ya tashi a yankin a 2016 na yi tafiyar. Daga garin Mundemba muka tashi da ɗan jagora, muka tsallake kogin Mana ta doguwar gada mai lilo, wadda na taka ina salati a zuci.

Tun 1937 aka keɓe wurin, sannan a 1986 gwamnatin Kamaru ta mayar da shi gandun daji na ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,260, yana iyaka da sashen Oban na gandun Kuros Riba a Najeriya. Masana na ganin cewa a zamunnan da sanyi da fari suka ƙanƙance dazuzzukan Afirka, wannan yanki bai rabu da danshinsa ba, shi ya sa halittun da suka ƙare a wasu wurare suka tsira a nan, har ana ƙidaya tsuntsaye sama da iri 400.

Duk da haka, a ranar farko ban ga komai ba sai kwarkwasa, wadda ta koya mini cusa ƙafar wando cikin safa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙasar kanta. Na tona da sanda ina zaton baƙar ƙasa irin ta fadama, sai na tarar da rairayi, domin ruwan saman da kan wuce milimita 5,000 a shekara yana wanke albarkarta, itatuwan kuwa suna rayuwa ne da ganyen da gara da naman kaza ke ruɓarwa a bisanta. Jagoran ya ba ni labarin wata kurangar daji da aka gano a nan, aka gwada sinadarinta a kan ƙwayar cutar ƙanjamau, amma dafinsa ya hana a mayar da shi magani.

A rana ta uku na daina gaggawa, muka zauna shiru tun asuba a gindin wata ƙatuwar bishiya. Can sai rassa suka motsa, garken jajayen birai ya ratsa ta samanmu, kuma kafin in ɗaga kyamara ba abin da ya rage sai ganye yana zuba.