Abin da Na Koya a Aikin Kai Waƙoƙin Sujada ga Kurame

Na shiga aikin fassara sujada da maganar hannu ne a ikilisiyarmu da ke Jos, bayan dattawa sun lura cewa akwai kurame da ke zuwa kowace Lahadi, su zauna a bencin baya, su miƙe in an miƙe, sannan su koma gida ba tare da sanin abin da aka rera ba. Da yake ina cikin ƙungiyar mawaƙa, kuma na koyi alamun hannu a wurin ƙanwata wadda ta yi makarantar kurame, sai aka ɗora mini nauyin waƙoƙi.

Abin da ya fara bayyana gare ni shi ne kuramen namu ba harshe ɗaya suke yi ba. Matasan da suka yi makaranta suna amfani da alamun da tushensu yake Amurka, waɗanda suka shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata mai aikin bishara, wanda ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya kuma buɗe wata a Ibadan a 1960. Galibin waɗannan matasa Turanci suke karantawa, alhali sujadarmu da Hausa ake yin ta, daga Littafin Waƙoƙi har zuwa karatun Littafi Mai Tsarki. Manyan kuma, waɗanda ba su shiga aji ba, suna yin maganar hannu irin ta gida da kasuwa, wadda kuramen ƙasar Hausa suke yi tun kafin zuwan waɗannan makarantu. Saboda haka miƙa wa kurma littafin waƙa ba ya magance komai, kuma tafintan da ya tsaya kan alamun makaranta kaɗai ya bar dattawan a baya.

Waƙa kuwa ta fi wa'azi wuyar fassarawa. Idan aka bi baiti kalma bayan kalma, hannu yana ta motsi amma ma'ana ba ta fitowa, domin maganar hannu tana da nata tsarin, kuma fuska da kafaɗu da wurin da aka ajiye alama duk suna cikin nahawunta. Don haka muka tsayar da cewa shugaban mawaƙa zai riƙa ba mu waƙoƙin Lahadi tun ranar gwaji, mu zauna da kurame biyu ko uku, in bayyana musu abin da kowane baiti yake nufi, su kuma su zaɓi yadda za a nuna shi. Sau da yawa abin da suke fitarwa ya fi nawa gajarta da kyau nesa ba kusa ba. Inda mawaƙa suke jan murya, sai a ja alamar a hankali har muryar ta sauka. Inda ake maimaita amshi, sai a ƙara wa alamar faɗi a kowane zagaye, don kada maimaicin ya zama gajiya ga ido. A waƙoƙin zumuntar mata, inda mace ɗaya take bayarwa sauran suna amsawa, mutum biyu ne suke tsayawa, ɗaya ya riƙe bayarwa, ɗaya ya ja kurame a amshi.

Kiɗa ma yana isa gare su, ko da yake ba ta kunne ba. Wata dattijuwa ce ta nuna mini haka, da na tambaye ta, “Mama, yaya kike sanin lokacin da za a taka?” Sai ta ɗora tafinta a kan bencin katako, ta nuna babbar ganga. Daga nan aka mayar da wurin zamansu gaba, kusa da masu kiɗa, inda dukan ganga yake ratsa benci da ƙirji.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, amma rashinsu yana rushe aikin. Tafinta ba ya tsayawa da taga a bayansa, ba ya sa riga mai zane da yawa, kuma dole a sami na biyu da zai karɓe shi, domin hannu da hankali suna gajiya tun kafin dogon wa'azi ya kai rabi. Mun roƙi masu jagorar addu'a su sani cewa kurma ba ya rufe ido a lokacin addu'a, tunda da ido yake bin ta. A taron dare kuwa, idan aka ɗauke wuta, masu ji suna ci gaba da waƙa a cikin duhu, su kuwa kurame an yanke su ke nan, don haka muka tanadi fitila mai caji musamman domin gabansu.

A ganina, babban sauyin ya zo ne ranar da kurame suka hau gaba da kansu. A Lahadin da ta fi kusa da 23 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa harsunan hannu, su ne suka ja waƙa, mai ganga yana bin hannunsu maimakon su bi shi, jama'a kuma suna kwaikwayon amshi. Wasu sun yi ta zubar da hawayen tausayi, abin da kuramen ba su so ba ko kaɗan, domin sujada suka zo yi, ba neman a ji ƙansu ba. Tun daga lokacin suke cikin jerin masu karɓar baiko, wato kyautar da jama'a ke bayarwa a sujada, da masu tarbar baƙi.

Inda har yanzu muke da sauran aiki shi ne abin da ba a yi a bainar jama'a. Kurma mai son ganin Baba Fasto kan matsalar aurensa ba shi da mafita sai ya faɗi sirrinsa a gabana, ni kuwa ɗan ikilisiya ne da yake gani kullum. Wannan ne ya sa fasto da wasu dattawa biyu suka fara zuwa ajin maganar hannu na yammacin Asabar, wanda wani matashi kurma yake koyarwa, kuma shi ake shiryawa ya riƙe ajin baftisma na kurame.