Abin da dutsen washi ya yi mini a Tasmaniya

Mutanen Daura in sun ji ina Ostareliya, birnin Sidni suke kawowa a rai. Ba can nake ba. Ina Tasmaniya, tsibirin da ke kudu da babbar ƙasar, kusa da garin Devonport inda jirgin ruwa ke sauke fasinja. Karatu ne ya kai ni, ina kuma ɗan taɓa aiki a wurin yankan katako don kuɗin haya. A can watan Yuni da Yuli ne tsakiyar sanyi, kuma agogonsu ya riga namu da awa 9, wani lokacin 10. Idan na tashi daga aiki ina neman wanda zan yi hira da shi, mutanen gida ko karin kumallo ba su gama ba.

Sanyin bai dame ni kamar gaisuwa ba. Mutanen suna da kirki, amma kalma ɗaya ce da murmushi, kowa ya kama gabansa. Babu ina gajiya, babu ina iyali, babu mai tambayar ɗan gidan wa ne kai. Ni kuwa ɗan gidan maƙera ne. Boko ya ɗauke ni, amma tun ban iya ɗaga masaba ba nake zuga wa Baffa wuta, kuma duk gatari da wuƙar da ta fito daga maƙerarmu ta hannuna take bi ta sha washi kafin a kai kasuwa.

Wani abokin aiki ne ya ja ni bikin baje kolin amfanin gona. Bayan rumfunan shanu da tumaki sai na ga an kewaye fili, ga maza sanye da farin wando, kowa ya hau kan gungumensa yana riƙe da gatari mai sheƙi. Mai kira ya fara ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ba tare suke farawa ba: sabon shiga shi ke fara sara, gwani kuma sai ya tsaya har ƙirgen ya yi nisa, don kowa ya samu rabo. Gungume mai kaurin santimita 30, mutum na tsaye a kansa yana sara tsakanin ƙafafunsa, ya ci rabi ya juya, kafin daƙiƙa 30 ya raba shi biyu. Akwai masu saran gungumen tsaye, akwai kuma masu yi wa dogon itace tsaga su kafa allo su hau, su sake kafa wani a sama, har su kai ƙololuwa su sare. Tsofaffin mata na tafi, yara na ihu. A kan saran itace!

Wasan nasu ne na gado. Suna cewa a 1870 aka faro shi a garin Ulverstone, da wasu masu sara biyu suka yi fare na fam 25. A 1891 aka yi gasar duniya ta farko a Latrobe, nan kusa da inda nake. Ɗan tsibirin ne David Foster, wanda ya riƙe kambun duniya shekara 21 a jere, kuma ko yaro ya san sunansa.

Ni idona ba a kan masu saran yake ba. Wani dattijo na hango a bayan fili, akwatin gatura a buɗe gabansa, yana zagaya ɗan dutse a bakin ƙarfe. Na daɗe a tsaye har ya ɗago. Na ce masa a garinmu aikin gidanmu ke nan. Bai yi dogon zance ba, ya miƙo mini gatarin da suke atisaye da shi da dutse. Na shafa bakin da babban yatsa, na ji inda ya ɗan kwanta gefe guda, na gyara. Ya karɓa ya duba a hasken rana, ya ce in zo gidansa ranar Asabar.

A rumfarsa na gane abin da na sani rabi ne. Gatarin gasa yakan kai kilo biyu da rabi zuwa uku, kuma bakinsa siriri ne ƙwarai, wajen digiri 14, abin da ba mai faskaren da zai yarda da shi don ba zai kai azahar ba. Bayan bakin ana ɗan rarake kumatun ƙarfen, domin kada ya maƙale, ya kuma watso ɓarin itace waje. Itace mai laushi a ƙara sirantawa, mai tauri irin turaren da ya cika dazukansu a bar wa bakin ɗan jiki. Shi ya sa ba mai zuwa gasa da gatari ɗaya. Sai ya ga itacen ranar kafin ya zaɓa. Wasu daga Tuatahi suke saye, masu ƙira a garin Masterton na Niyu Zilan, kuma kuɗin guda ɗaya ya isa mutum ya riƙa lallaɓa shi. Kulli ɗaya a jikin itace ko ƙwayar tsakuwa ta isa ta ɓantare bakin da aka yini ana gyarawa.

Ana farawa da dutse mai kaushi, a koma mai laushi, a ƙare da fata, har gatarin ya aske gashin hannu. Da dattijon ya fara yi mini kashedi a kan injin washi, cewa in baki ya yi zafi ya canja launi taurinsa ya tafi, sai na ƙarasa masa zancen. Wannan kam kowane yaron maƙera ya san shi. Ya yi dariya, daga ranar ya daina tsaya mini a kai.

Gatarin jifa dabam ne. Mai baki biyu ake cilla wa allo daga nisan kamar mita 6, kuma ba askin ake nema a wurinsa ba, ya dai zama siriri ya kafe. Shi ba ya ba ni wuya.

Ta wannan rumfar na shiga gari. Mutum ya kawo gatari, ya zauna jira, hira ta ɓarke, ya tambayi Daura, in ba shi labarin rijiyar Kusugu. Su suka samo mini ɗaki mai sauƙin haya. Ranar gasa matar dattijon kan ware mini kifi tunda ta san ba kowane nama nake ci ba, in lokacin salla ya yi kuma a nuna mini bayan mota inda babu hayaniya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, takardun makaranta ba su yi mini wannan ba.

Da na zo gida lokacin Sallar Gani, na zauna a maƙera na nuna wa Baffa bidiyon a waya. Ya sa na maimaita masa. Abin da ya fara gani shi ne ƙota: namu ƙarfe ke shiga cikin kan itace, nasu itace ke shiga cikin ƙarfe, har a soka masa ƙusa kada ya fice.

“Yaro, wannan ba ya daka marke,” in ji shi.

“Gaskiya ne Baffa, ba don marke aka yi shi ba.”

“To amma mai shi ya san ƙarfe. Ka gaishe shi.”

Sai ya ɗauko guntun sifirin mota, ya sa a wutar gawayin ƙirya, ya ƙera wa dattijon gatari irin namu. Ƙarfen kawai na tafi da shi, don Ostareliya na da tsanani a kan shigo da kayan itace. A can muka sassaƙa ƙota.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu faskarenmu. Mutum ya yini gatari a kafaɗa yana bin lungu, ya farfasa kututturen da zai gagari da yawa daga zakarun can, a miƙa masa abin da bai taka kara ya karya ba, ba mai sanin sunansa. Muna da filin dambe da na kokawa, muna da makaɗa masu wasa gwani. Ba na cewa a sare bishiya don wasa, a ƙasar da hamada ke matso mu kowace shekara. Amma itacen da za a faskara ko ta yaya, na masu gidan burodi da na girkin biki, da rassan bedin da ake sassabewa a bakin titi, ana iya tara shi wuri guda bayan hawan salla, a auna kauri, a ƙirga wa mutane su fara, maƙera su kawo gaturansu a ga na wanda zai jure. Na yi wa Baffa maganar, ya ce zai kai ta gaban Sarkin Maƙera.