Asabar: Gado a Bayan Hilux

Bauchi, tsakiyar hunturu.

Yau aka mayar da bayan motar wurin kwana, aka kuma fito da ita gona ta hanyar Dass don a gwada kafin a yi zancen tafiya mai nisa.

Da tef ɗin awo aka fara, tun kafin a taka kasuwa. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu wajen mita ɗaya da rabi ne a tsawo, faɗinsa ma kusan haka, zurfinsa kuwa bai kai rabin mita ba. Mutum mai tsawon santimita 175 ba zai miƙe a ciki ba sai ya kwanta a karkace daga lungu zuwa lungu, ko kuma ya sauke marfin baya. Mai ƙofa biyu ya huta da wannan, nasa bodin ya haura mita biyu. Babbar matsalar ita ce tudun tayoyin nan biyu da suka turo ciki, tsakaninsu wajen santimita 110 ne kacal. Duk katifar da aka shimfiɗa a ƙasa sai ta hau kansu ta lanƙwashe. Shi ya sa ake ɗaga gado ya wuce tudun, a samu shimfiɗa bai ɗaya, ƙarƙashi kuma ya zama ma'ajiya.

Da hantsi na sayo filawud biyu a kasuwar katako ta Muda Lawal, mai kaurin milimita 18. Kowane ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244, saboda haka guda ɗaya ba ya rufe faɗin bodin. Kafinta ya so a ɗauki mai 12 don sauƙin kuɗi. "Alhaji, ai kwanciya ce kawai, ba buhu za ka ɗora ba." Na ce masa, Malam, gwiwar mai hawa gado ta fi buhu cin katako, nauyin mutum gaba ɗaya a wuri ɗaya take sauke shi. Mai 12 yana lotsawa a tsakiya, daga nan sai sukurori su fara sakin jiki.

Ga yadda aka yanka. Allo biyu, kowanne 75 da 150, don a iya ɗaga ɗaya a ciro kaya ba tare da an tashi gadon duka ba. Daga ragowar aka fitar da ginshiƙai uku masu tsayin santimita 25, aka tsayar da su a kan gefensu daga gaba zuwa baya, ɗaya a tsakiya inda allunan suka haɗu, biyu jingine da tudun tayoyi. Tazarar da ke tsakaninsu ta zama kamar 55, daidai abin da mai 18 zai ɗauka bai motsa ba. An ƙarfafa bakin kowane ginshiƙi da katako tu-bai-tu, aka ɗaure da sukuru. Ƙusa ba ta da amfani a nan, girgizar hanyar burji tana zaro ta sannu a hankali. Sai allo na uku, 150 da 45, mai gajerun ƙafafu, wanda ake ɗorawa a kan marfin baya idan an sauke shi, tsawon gado ya koma 195. Ƙafa kaɗai ke zuwa wurin, kai yana can wajen gidan direba, domin marfin nan abin da ke riƙe da shi bai taka kara ya karya ba.

Abu biyu da ake yawan tsallakewa: an huda ramuka masu faɗin yatsa biyu a jikin allunan, jeri-jeri, saboda gumin mai barci yana ratsa soso ya taru a ƙasa, in babu iska sai katifa ta yi fumfuna. An kuma shafe bakin yanka da banish, don ta nan filawud ke shan ruwa ya kumbura ya ɓare. Ba a huda jikin motar ba ko sau ɗaya. Ƙugiyoyin ɗaure kaya da ke cikin bodin su aka kama da bel mai tsukewa.

Wurin mai walda ne aka ɗan yi gardama, a kan rumfar tamfol da za ta rufe gadon. Gado 25, katifa mai inci 3 wajen 8, mutum a zaune yana son 90 a samansa. Jimla rumfar ta kai santimita 123 daga ƙasan bodi, ta ɗara rufin motar ke nan da kusan taƙi guda. In aka yi mata walda ta dindindin, za ta riƙa tare iska a kan titi, mota ta ƙara shan mai, tamfol kuma ya yi ta kaɗawa har ya yage ta wajen zobba. Mai walda ya fi son ya like komai a wuce wurin. Abin da aka tsaya a kai shi ne baka uku na fayif mai inci ɗaya, da gajerun soket shida da aka matse a bakin bodi da noti. Ana tafiya bakunan na kwance, an isa a zura su.

Kaya kuwa, nauyinsu ne abin lura. Abin da irin wannan mota ke ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen ciki, ainihin adadin yana cikin littafin motar. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Jarka biyu masu lita 25 kilo 50 ke nan, kuma ba sa shiga ƙarƙashin gado a tsaye, in an kwantar da su murfi ya yi yoyo. Suna ƙasan kujerar baya, tsakanin tayoyin gaba da na baya, inda nauyi ya fi zama lafiya. Duk abu mai nauyi da aka tura can ƙarshen bodi yana sauƙaƙa gaban mota, sitiyari ya riƙa yawo. Lita 10 a rana ta ishi mutum ɗaya sha da girki da alwala, ban da wanka.

Wuta ba daga batirin mota take ba. Wanda ya kwana yana jan fanka da shi, da safe sai turi, a daji kuma babu mai tura maka. Batiri daban ne, mai amfiya 100 da bolt 12. Irin na dalma rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato wajen wat 600 na awa guda. Ƙwai mai wat 5 na awa huɗu 20 ne, cajin waya biyu kamar 30, fanka mai wat 15 na awa takwas 120. Duka 170, kwana uku ke nan ko babu sola. A sanyin nan ma fankar hutu take. An sa fiyus mai amfiya 15 dab da kan batirin inda jar waya take, domin in waya ta goge a jikin ƙarfe, tsakanin batiri da fiyus ne kawai babu kariya. Batirin na da nauyin kusan kilo 30, an ɗaure shi tam a lungun gaba.

Bayan La'asar aka iso. Kafin a sauke komai sai da aka je aka gai da mai unguwa, aka faɗa masa za a kwana a gona. Baƙuwar mota da fitila cikin dare, a irin zamanin nan, ba abin da za a bar mutanen gari su yi ta hasashe a kai ba ne.

Wurin tsayawa ya ci lokaci fiye da kafa rumfar. Ba a tsaya cikin busasshiyar ciyawa ba, salansa mai zafi na iya kunna ta. Ba ƙarƙashin bishiya mai matattun rassa ba, ba cikin kwari ba ko da rani ne. An juya hancin mota ya kalli hanyar fita, kuma ya kalli arewa maso gabas, ta inda iskar hunturu ke zuwa, don gidan direba ya tare ta. Kofin ruwa aka ɗora a kan gado aka ga inda ya karkata, aka sa falanki ƙarƙashin tayar da ta yi ƙasa. In ba a samu daidai ba, gara wajen kai ya fi tudu. Sai birkin hannu, giya ta ɗaya, dutse gaba da bayan taya.

Girki a ƙasa aka yi shi, taku biyar daga mota, da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 wadda ke tafiya a tsaye koyaushe. Kurfoti ba ya shiga cikin rumfa komai sanyi, haka nan ba a kwana da inji a kunne. Iskar gubar da ke cikin abin da gawayi da salansa ke fitarwa ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ya gane. Maganin sanyi bargo biyu ne, ɗaya a ƙasa, don ta ƙarƙashi sanyin ƙarfe ke hawowa. Tamfol ma ba a rufe shi ruf ba, an bar kafa kamar tafin hannu gaba da baya, in ba haka ba numfashi zai taru a jikinsa ya riƙa ɗiga kafin asuba. Gidan sauro na ciki, rataye a bakunan, an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Takalmi ya hau mota tare da mai shi saboda kunama. Sauka da dare kuma sai da tocila, yankin nan har zuwa Gombe ƙasar kububuwa ce, ba banza asibitin saran maciji yake Kaltungo ba.

Abin da hanya ta nuna yau shi ne ƙura. Mota na gudu, iska na juyowa ta bayanta tana tsotso ƙura ta kafar da ke gefe da ƙasan marfin baya, duk abin da ke ƙarƙashin gado ya yi ja. Gobe za a nemi tsohon tub na taya a yanka shi tsiri-tsiri mai faɗin yatsa uku, a like da gam a gefe biyu da ƙasan marfin, kayan abinci da tufafi kuma su koma cikin robobi masu murfi waɗanda tsayinsu bai wuce 23 ba.