Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Na Fara Ba da Waƙar Gaɗa

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Baba Tsoho, amma yau sai na koma baya, don maganar Goggo ce ta hana ni barci. "Zabiya ba gwanaye take kallo ba, ƙafar ƙarama take kallo." Sau nawa ta faɗa min wannan, Allah kaɗai ya sani.

A 1976 ne, shekarar da aka kwashe mu aka zuba a firamaren UPE, wato shirin ilimin firamare na kowa da kowa. Lokacin garinmu Kazaure tana Jihar Kano, Jigawa sai 1991 aka yi ta. Da safe boko, da yamma allo, in farin wata ya fito sai dandali. Murya kam Allah ya ba ni, kuma na san ina da ita.

Daren sa lallen Yaya Babba aka ce ni zan ba da waƙa. Dangi sun zo daga ƙauye da ƙannensu, wasu ba su taɓa shiga gaɗa ba. Na ja waƙa, amshi ya ɗauka, na ƙara wuta, tafi na tashi kamar ana sussuka. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta juya baya ta saki jiki yadda ta ga manya na yi, alhali ba wadda ta shirya cafe ta. Har yau ina jin ƙarar ƙeyarta a ƙasa, da kukan uwarta.

Goggo ba ta dake ni ba. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Ke 'yar nan, wa kike kallo?" Na yi shiru. Kaina nake saurare, shi ke nan.

A tsakar gida ta koya min, tana kaɗi da mazari tana gyara min. A fara da tafi kawai har hannu ya daidaita. A ba su amshi gajere, wanda ko mai tsamin baki zai iya. A sa ƙarama tsakanin manya biyu. Kafin yarinya ta faɗa, a kira sunanta cikin waƙar, masu cafewa su ji su miƙa hannu. In ƙafarta ta rikice, ke za ki sassauta, ba ita za ta yi sauri ba.

'Yar Baffa ce ta yi ta yawo da labarin faɗuwar nan har bayan aurena, wai na kusa kashe 'yar mutane don son a sani. Ita ɗin ce dai bara ta aiko har Kano, in zo in koya wa jikokinta gaɗa za su yi a kamu, don masu kiɗan lasifika ba su san kanta ba. Na je. Yara 12, ba wadda ta iya tafi. Tana zaune a kan tabarma tana kallo, na sa autarsu a tsakiya, idona a kan ƙafarta. Sai da muka idar ta ce, "Ashe ba ki manta da Goggo ba." Ban tanka mata ba. Allah ya jiƙan Goggo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan dawo kan rabon gadon.