Daga Damagaram Zuwa Gidan Marayun Giwaye

Taron ma'aikatan kiwo ne ya kai mu Nairobi, ni da wani dattijo likitan dabbobi da muke aiki tare a Damagaram. Mun bi ta Matameye zuwa Kano a mota, daga can jirgi ya kai mu Adis Ababa, sannan Kenya. Da aka tashi daga taron sai muka nufi gefen gandun dajin Nairobi, inda gidauniyar Sheldrick take renon 'ya'yan giwayen da suka rasa iyayensu.

Daphne Sheldrick ce ta kafa gidauniyar a 1977 domin tunawa da mijinta David, shugaban farko na gandun Tsavo ta Gabas. Sa'a guda kawai ake buɗe wa baƙi, daga ƙarfe 11 zuwa 12 na rana, kuma bayan igiya ake tsayawa. Muna tsaye sai ga marayun sun fito daga cikin kurmi a guje, kowanne ya nufi mai kula da shi, wanda ke riƙe da babbar kwalbar madara. Waɗanda suka tasa da kansu suke naɗe kwalbar da hanci su ɗaga ta sama, su shanye kafin mutum ya gama gyara tsayuwarsa. Wani ƙarami da aka lulluɓa wa bargo bai shiga wasan taɓon da sauran suka faɗa ba. Ya kama yatsun mai renonsa yana tsotsa, shi kuwa mutumin yana watsa masa jar ƙasa da shebur don kada rana ta ƙona masa fata.

Abokin tafiyata bai damu da hoto ba, madarar ce ta ɗauke masa hankali. Ya sa na tambaya ko ta shanu ce, aka ce a'a, kitsen nonon saniya ba ya narkewa a cikin ɗan giwa, gudawa yake sa shi har ya mutu. Daphne ta kwashe shekara 28 tana gwaji kafin ta dace da haɗin madarar jarirai da man kwakwa. Bayan kowace sa'a 3 ake shayar da ƙananan, dare da rana, shi ya sa masu renon suke kwana tare da su a ɗaki, ana kuma sauya su don kada maraya ya shaƙu da mutum ɗaya ya ƙi ci idan ya tafi hutu. Na ce, "Baba, ai wannan aikin makiyayi ne." Ya ce, "Ƙwarai, ɗana. Wanda ya taɓa renon ɗan raƙumin da uwarsa ta mutu ya san kewa tana kisa kamar yunwa."

Kowane maraya yana da sunan da yawanci aka samo daga wurin da aka tsince shi, da kuma labarinsa. Wasu mafarauta ne suka harbe uwayensu saboda haure, kuma a cikin gandun dajin Nairobi ne Kenya ta ƙone tan 105 na hauren giwa a 2016. Wasu fari ne ya raba su da garke, wasu kuma rijiyoyin makiyaya suka faɗa da dare, garken ya gaji da jira ya wuce. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin babu mugu a cikinsa: makiyayi ruwa yake nema wa dabbobinsa, giwa ma ruwan take nema.

Daga Nairobi muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa Mombasa muka sauka a Voi, a bakin Tsavo. Nan ake kawo marayun idan sun kai kimanin shekara 3, ko a kai su wasu sansanonin gidauniyar da ke Ithumba ko Umani. A ganina a nan wuyar aikin take, domin ba a buɗe ƙofa a ce da giwa ta tafi. Da safe suna fita kiwo da masu kula da su, suna haɗuwa da garken daji a bakin ruwa, da yamma su dawo shinge, har ranar da ɗaya za ta kwana a waje, daga baya ta daina dawowa. Abin yakan iya ɗaukar har shekara 10, saboda hanyoyin ruwa da ladabin zaman garke ba mutum ke koya su ba, sai manyan giwaye. An ce mana wasu daga cikin waɗanda suka koma daji sukan zo da 'ya'yan da suka haifa a can, su tsaya a bakin shingen.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta lissafin kuɗin madarar maraya guda, yana kwatanta shi da abin da ake ba mu na allurar rigakafin dabbobi. Hirarmu ta koma kan giwayen Nijar da ke gandun W, inda rashin tsaro ya sa zagayen masu gadin daji ya yi wuya, balle a samu wanda zai ji kukan maraya a cikin rijiya.