Sifilin da ya cinye mini shekara guda

Digirina na biyu a fannin nazarin yanayi da manufofin muhalli ya kamata ya ɗauke ni shekara biyu, amma sai da ya ci uku da 'yan watanni, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili nakan ce masa sifili ne ya jawo. Mutane sukan yi dariya, su ɗauka zolaya nake yi, alhali kuwa har yau idan na buɗe Excel na ga layin sifili ya jeru a jadawali sai gabana ya faɗi.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Gombe, kuma da hutun ƙaro ilimi na shiga karatun. Darussan aji ba su ba ni wahala ba, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Batun da na zaɓa wa kundina shi ne yadda ruwan sama ya sauya a arewacin jihar, wato ɓangaren Dukku da Nafada da Funakaye, da kuma irin matakan da ya dace hukuma ta ɗauka. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne na shiga binciken da amsata a aljihu. Na tashi ina jin labarin farin 1973 da na 1984 a bakin iyayenmu, na san Gombe tana cikin jihohi goma sha ɗaya da aka ce hamada na barazana gare su, waɗanda aka sanya a shirin dasa itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, kuma kowane taron muhalli da na halarta da kwararowar hamada ake buɗe jawabi. A raina babu tantama cewa ruwa raguwa yake yi, aikina kawai in samo alƙaluman da za su sa hannu.

Ƙa'idar masana yanayi ita ce ba a maganar yanayin wuri sai da bayanan shekara talatin, shi ya sa Hukumar Yanayi ta Duniya take aiki da zangon 1991 zuwa 2020 a matsayin ma'auni. Bayan watanni ina zirga-zirga, sai na dace da wata tsohuwar tashar awon ruwa a wani ofishin aikin gona, inda aka fito mini da manyan littattafai masu bangon kwali, gara ta ci gefen wasu, an rubuta ruwan kowace rana da hannu. Murnar da na yi ranar ba ta misaltuwa, domin yawancin abokan karatuna jimillar wata-wata kawai suka samu. Na ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, na kai wa wani yaro mai shagon kwamfuta ya shigar mini. Da ya yi nisa sai ya kira ni a waya ya ce, “Malam, akwai gidajen da ba a rubuta komai ba, me zan sa?” Ina kan babur a lokacin, ban ko tsaya ba na ce masa, “Sa sifili, ai ba a yi ruwa ba ke nan.” Maganar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma yaron bai yi laifin komai ba, abin da aka ce masa ya yi.

Da na yi gwajin Mann-Kendall, wato lissafin da ke nuna ko alƙaluma na ƙaruwa ko raguwa a tsawon shekaru, sakamakon ya fito tamkar ni na tsara shi: ruwa yana raguwa, raguwar kuma mai ƙarfi ce, musamman a shekarun baya-bayan nan. Na riga na karanta cewa binciken da aka yi a yankin Sahel ya nuna ruwa ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990 idan aka kwatanta da shekarun fari. Da ina da hankali, wannan saɓani kaɗai ya isa ya mayar da ni ga littattafan. Maimakon haka sai na ga ai na gano abin da manya ba su gano ba, har na fara tunanin mujallar da zan aika wa maƙalar. Mai duba aikina yana da ɗalibai da yawa, kuma jadawalin da na kai masa a tsaftace yake, babu gurbi ko ɗaya da zai ja hankalinsa, tunda na riga na toshe su duka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an yi mini gargaɗi, kuma waɗanda suka yi shi sun fi kowa sanin zancen. Na zagaya ƙauyuka ina hira da manoma, kuma a wani ƙauye da ke kan hanyar Dukku, Jauro, wato mai garin, ya tara mini dattawa a ƙofar gidansa. Na tambayi wani tsoho na ce, “Baba, a ganinku ruwa ya ragu idan kuka kwatanta da zamanin ƙuruciyarku?” Sai ya ce, “Ɗana, ruwa yana zuwa, wani lokaci ma ya yi mana yawa. Alkawari ne ba ya cikawa.” Ya bayyana mini cewa yanzu sai a yi ruwan shuka mai kyau, kowa ya fita ya zuba iri, sannan sama ta ɗauke har tsiron ya ƙone, a sake shuka sau biyu ko uku, kuma wanda ba shi da sauran iri a rumbu ya shiga uku. Idan marka ta zo kuma, ruwan da ya kamata ya sauka a mako biyu sai ya zubo a dare ɗaya, ya share kunyoyi ya buɗe kwazazzabo a tsakiyar gona. Na rubuta maganarsa, amma a babi na huɗu na sanya ta ƙarƙashin abin da na kira fahimtar manoma da ta saɓa wa alƙaluma, har na yi sharhi cewa tunanin ɗan'adam yakan manta. Duk lokacin da na tuna wannan jumla sai kunya ta rufe ni.

Asiri ya tonu ne ranar da na gabatar da sakamakon a gaban malaman sashe. Na gama jawabi ina jiran yabo, sai wani dattijon malami, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya nemi in buɗe masa ainihin jadawalin kwanaki. Ya sa aka gangara har zuwa wata shekara ta baya-bayan nan, ya nuna watan Agusta, inda sifili ya jeru kusan mako uku. Ya ce, “Kai a ina kake a wannan shekarar?” Na ce, “A Gombe nake, ranka ya daɗe.” Ya ce, “To, a tsakiyar marka sama ta yi mako uku ba ɗigo, kuma babu wanda ya fita roƙon ruwa, kai ma ba ka ji labari ba?” Ɗakin ya yi tsit. Na buɗe baki in ce haka littafin ya nuna, sai kiran wayar nan ya faɗo mini a rai, na kasa cewa komai.

Na koma ga hotunan shafukan a daren, na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Masu awon suna da alama ta ranar da aka duba ma'auni ba a sami ruwa ba, suna da wata ta ranar da aka yi yayyafin da bai isa a auna ba, shi kuwa gurbin da aka bari fayau yana nufin ba a duba ba ne kwata-kwata. A shekarun farko, lokacin da tashar take da ma'aikaci na musamman, irin waɗannan gurabun ba su da yawa. A shekarun baya ne suka yawaita, wani lokaci mako, wani lokaci wata cur. Tunda gurabun sun taru a ƙarshen zangon, sifilin da na zuba musu ya janyo jimillar waɗannan shekarun ƙasa, lissafi kuma ya karanta hakan a matsayin fari. Abin da na auna da gaske shi ne lalacewar tashar. Akwai kuma wani tarko na biyu da na gano daga baya: idan an yi kwanaki ba a duba ba, kamar lokacin hutun Sallah, sai a zo a rubuta duk abin da ya taru a kan rana ɗaya, wanda ke nufin wasu daga cikin ranakun da na lissafa a matsayin mamakon ruwa tarin kwana uku ne ko huɗu.

Gyaran bai tsaya ga goge sifili ba, domin bayan na cire su sai na tarar shekarun da suka cika ba su kai talatin ba. Dole na koyi aiki da CHIRPS, wato bayanan ruwan sama da ake haɗawa daga tauraron ɗan'adam da tashoshin ƙasa, waɗanda suka faro daga 1981 kuma kowane gida nasu a taswira ya kai faɗin kimanin kilomita biyar. Na koyi manhajar lissafi ta R a kan dole, da daddare bayan na tashi daga makaranta, domin hutun nawa ya ƙare an mayar da ni aji. A nan ma na fahimci cewa shekarar da mutum ya fara ƙirge tana iya sauya labarin gaba ɗaya: wanda ya faro daga shekarun 1950 masu yalwar ruwa zai ga raguwa, wanda kuma ya faro daga 1981, gab da babban fari, zai ga ƙaruwa, kuma dukkansu ba su yi ƙarya ba. Sannan tauraron ma ba ya wadatar da kansa, da awon tashoshin ƙasa ake daidaita shi, saboda haka inda tashoshin suka mutu, shi ma ingancinsa yakan ragu.

Daga nan na sauya tambayar binciken, na koma kan abin da tsohon nan ya faɗa. Na yi amfani da ma'aunin da wani masani mai suna Sivakumar ya fitar a 1988, wanda ya ce damina ta kankama ne idan bayan 1 ga Mayu an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana talatin da suka biyo baya ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba. Duk ruwan da ya cika sharaɗin farko ya kasa na biyu, shi ne ruwan yaudarar da ke cinye wa manomi iri. Raguwar da na yi ta taƙama da ita ta ɓace. Abin da ya rage mini sakamako ne mai tawali'u game da farkon damina da tsayawar ruwa bayan shuka, wanda ba zai sa a tafa a ɗakin taro ba, amma zan iya kare kowane gida na jadawalinsa.

Babi na biyar, na manufofi, shi ya fi tsorata ni da na sake karanta shi. Na gina shawarwarina duka a kan ƙarancin ruwa: a yawaita madatsu, a faɗaɗa noman rani a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, a bar masara a koma gero. Babu layi ɗaya a kan magudanan ruwa ko zaizayar ƙasa, alhali kwazazzaban da suka tsaga unguwannin garin Gombe ina wuce su kullum. Babu maganar tanadin iri don sake shuka, babu maganar yadda hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara zai isa ga manomi da Hausa da Fulatanci kafin ya zuba irinsa. Na cika babin da ambaton Yarjejeniyar Paris ta 2015, da Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2021, da alkawarin da Najeriya ta yi a taron sauyin yanayi na Glasgow na daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake kawarwa nan da 2060, da shirin farfaɗo da ƙasar noma na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700. Duk waɗannan gaskiya ne, amma kuɗi irin wannan idan ya iso ƙaramar hukuma, wani ne zai yanke ko dam za a gina ko magudana, kuma takarda irin tawa za a iya ajiyewa a gabansa. Ɗumamar yanayi ba abin musu ba ne, sai dai yadda take bayyana a gonar mutumin Nafada tambaya ce ta daban, wadda sai an auna ake amsawa.

Na biya kuɗin makaranta na ƙarin shekara daga albashin malami, na sake komawa ƙauyukan da kuɗin mai na aljihuna, abokan karatuna kuma suka yi bikin kammalawa ina cikin 'yan kallo. Ɗalibai masu tasowa sukan zo neman shawara, su tambaye ni wace manhaja ta fi kyau, ni kuwa nakan ce su fara nuna mini littafin asali. Nakan sa su shigar da aƙalla shekara biyu da hannunsu kafin su ba kowa, su tambayi wanda ya yi awon ma'anar kowace alama idan yana raye, su ƙirga kwanakin da suka ɓata a kowace shekara su zana su a jadawali kafin su taɓa wani gwaji. Idan sakamako ya zo daidai da abin da rai ke so, ranar ce ya kamata a fi bincikarsa. Wasu sukan ji, wasu kuma na ga a fuskarsu irin saurin da nake yi ranar da nake kan babur.

A makarantarmu yanzu mun kafa ma'aunin ruwa a bayan ɗakin gwaje-gwaje, 'yan aji biyar ne ke duba shi kowace safiya, kuma na rubuta a bangon littafin da jan biro cewa ranar da ba a duba ba a rubuta “ba a duba ba” da cikakkun haruffa.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina da ke kammala digirin farko ya kawo mini aikinsa in gani, yana murna ya ambaci sunana. A babi na biyu na tarar da jumlar da ke cewa bincike ya tabbatar ruwan sama yana raguwa sosai a arewacin Gombe. Tsohuwar takardar nan ce da na raba ranar gabatarwa, ashe kwafinta ya saura a kwamfutar wani shagon buga takardu, ana ba duk ɗalibin da ya zo neman abin da zai kafa hujja da shi. Na ce masa ya cire, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, ai tun makon jiya aka ɗaure aka miƙa.”